Larabar Da Kowa Ya Sa Hannu

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 8:10 na safe

Na ja jan layi a rajista takwas saura kwata, kamar kullum. Malamai biyar ne a ƙarƙashina a Firamaren Tungar Ɗorawa, uku suka sa hannu. Malam Lukuman zazzaɓi ne, wannan na gani da idona ranar Juma'a yana rawar ɗari a gindin dalbejiya da rana tsaka. Malama Mairama kuwa takarda ta aiko ta hannun mai babur, wai ciwon kai da jiri. Takardarta ta huɗu ke nan tun da aka dawo hutu.

Littafin nan na saya ne don in riƙa zuba abin da rajista ba ta ɗauka, domin ita babu gurbin zato a cikinta. Ni Siddiƙu shekara ashirin da tara ina riƙe da alli, tara daga ciki ina hedimasta, ban taɓa yin fashin kwana ɗaya ba. Daga Gwandu nake, a Kalgo nake kwana ranakun aiki cikin ɗakin haya mai yoyo, amma ban taɓa fashi ba.

Litinin, bayan azahar

Na haɗa aji biyar da aji shida a ɗaki ɗaya, yara ɗari da sha huɗu, wasu a kan taga, wasu a bakin ƙofa. Aji ɗaya kuma na bar su suna ta rera baƙaƙe su kaɗai har suka gaji suka koma dambe. Wannan ba karatu ba ne, tsare yara ne kawai kada su shiga gonar mutane.

Maƙogwarona ya sake yin abin nan. Na sha ruwan zafi da citta.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Ta dawo. Na ce ya jiki, ta ce da sauƙi, idonta a ƙasa. Shi ke nan, ko tari ba ta yi ba.

In faɗi gaskiya, tun da littafina ne: ba ni da malami kamar Mairama. Bafulatanar wajen Ceberu ce, shekara goma sha biyu muna tare, aji shida a hannunta yake. Yaron da ya wuce ta wurinta ya iya raba lamba. Ba ta da surutu, ba ta da ƙorafi, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Mai surutu ka san inda ya dosa.

Bayan an tashi Malam Hamidu na aji uku ya tsaya yana gyara sarƙar babur ɗinsa wadda ba abin da ya same ta, sai da kowa ya watse sannan ya matso. Wai ɗan ƙanen babansa da ke lodi a tashar Kalgo ya ga Malama ranar Litinin da sassafe ta shiga motar Birnin Kebbi, kuma ya ji tana tambayar direba ko za ta sami ta Gwandu da wuri. Ya ce shi dai ba ya son gulma, amma makarantun kuɗi sun yi yawa a Gwandu yanzu, kuma suna neman ƙwararru.

Mai jiri ba ya shiga mota biyu. Amma shi ma Hamidu na sa masa ido, na san ya daɗe yana kwaɗayin aji shida.

Juma'a, 11 ga Oktoba, kafin masallaci

Yau ma babu ita, babu Lukuman. Kuma yau Malam Mujtaba mai duba makarantu ya ga damar zuwa, ba sanarwa. Ya tarar da azuzuwa biyu babu malami, ni kuma ina tsakiya ina ihu da muryar da ba ta fita. Ya buɗe rajista ya daɗe yana kallon jan biro. Ya ce ofis ya gaji da takardun rashin lafiya, kowane hedimasta zai aika da sunan wanda fashinsa ya wuce kima kafin ranar 31 ga wata, a dakatar da shi. In kuma na rufe wani aka gano, ni zan amsa.

Wa ya gaya masa ya zo yau? Cikin kwanakin mako duka, sai yau?

Yana fita Arɗon rugar yamma ya shigo da sandarsa. Shekara uku na yi ina bin mutumin nan kafin ya sakar mana yara goma sha tara. Ya ce da ni cikin ladabi, in dai zaman inuwa za su yi, gara su yi shi a bayan shanu. Na ji kunya ƙwarai.

Na san halin gidan Mairama. Mijinta tun haɗarin motar da ya yi ba ya aiki, da sanda yake tafiya, ga yara uku. In aka dakatar da ita, tukunyarsu aka sauke. Na san wannan, kuma ita ma ta san na sani, watakila shi ya sa take yi.

Asabar, 12 ga Oktoba, Gwandu, bayan la'asar

Gida. Hajara tana jin muryata ta ce na zama kamar tsohon zakara, in je asibiti. Na ce zan je. Shekara talatin da aurenmu, ta san ma'anar zan je.

Na Sakkwato ya kira waya. Ɗanmu na fari ke nan, a hannun Goggo ya tashi, daga ni har uwarsa ba mai kiran sunansa, haka muka taras ana yi. Shekararsa ashirin da takwas, har yau in ya kira sai Hajara ta miƙa wa ƙanwarsa wayar ta koma wanke-wanke, amma kunnenta na nan. Mun gaisa a taƙaice. Ya ce muryata ta canza, na ce layi ne.

Na ce da Hajara ta ɗan sa mini kunne a gari ko akwai wata malama daga Kalgo da ke koyarwa a makarantar kuɗi. Ta ce ita ba ta aikin leƙen asiri, abin da ke gabansu a Islamiyya shi ne ƙawarsu Jummai ta unguwar gabas, ɗiyarta tana kwance asibiti, ana ta neman jini. Na ce Allah ya sawwaƙe, na koma kan maganata, ta tashi ta bar ni.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 7:50 na safe

Jiya babu Mairama, yau babu. Wannan karon gyambon ciki ne.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Ta zo da auduga da filasta a lanƙwasar hannunta. Tana ɗaga hannu za ta rubuta a allo hijabin ya ja baya, na gani daga taga. Ta yi saurin rufewa, wai kada in gani, ko kuma don in tabbata na gani. Wajen ƙarfe goma ta jawo benci ta zauna tana koyarwa a zaune, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Leɓenta ya yi fari.

Filasta kowa na iya saye a kemis. Leɓen ne ban san yadda ake yi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 1:45 na rana

Lukuman ya dawo kamar kara, ita kuma Malama Zahra'u ta aji biyu ta kwanta, taifot. Rijiyar bayan makaranta ce, na faɗa na gaji, tun da ruwan sama ya malala cikinta ba ta sake yin daidai ba. Amma dubi yadda abin ke tafiya: wannan ya tashi, wannan ya kwanta, kamar masu karɓa-karɓa. Wani lokaci sai in ga kamar sun zauna ne sun raba kwanakin a tsakaninsu, ni kaɗai ne ba a gayyata ba.

Allah ya gafarta mini, Zahra'u mako biyu ta yi tana riƙe da azuzuwa biyu ita kaɗai. Duk wanda ya ɗauki kayan wani a makarantar nan, shi ke bi wajen kwanciya. Amma wa ya fara ajiye nasa kayan?

Na ƙirga yara a layi. Farkon zango ɗari uku da arba'in ne, yau ɗari biyu da sittin da takwas. Na rugar yamma saura huɗu. Sauran suna gona, ana yankan gero, kuma ba ni da bakin zuwa kiran su.

Asabar, 19 ga Oktoba, Gwandu, ƙarfe 12:00 na rana

Abin da na yi yau ba zan gaya wa Hajara ba. Makarantun kuɗi biyu na shiga, na ce jikata nake nema wa gurbi, na nemi ganin sunayen malamai. Babu sunanta. Ɗaya mai makarantar tsohon ɗalibina ne, har da kawo mini lemo, na sha ina jin kaina kamar ɓarawo.

Ina fitowa sai ga ta. Ita ce, ba shakka, a hanyar asibiti, da kular abinci a hannu ɗaya da ledar kankana a ɗaya, tana sauri har hijabi na tashi. Na laɓe a bayan wata a-daidaita, ni da furfurata. Mai gyambon ciki, mai jiri, tafiyar da ko ni ba zan cim mata ba.

Asabar ce, ba ni da iko da Asabar ɗinta. Amma na gani.

Tun da ga ni a bakin asibitin, na shiga. Likita ya leƙa maƙogwaron da fitila, ya ce in huta da magana mako biyu, ya ƙara da wata maganar da ba ta littafin nan ba ce, ya ba ni takarda zuwa Birnin Kebbi. Mako biyu. In bar wa wa makarantar, Hamidu? Takardar tana aljihun babbar rigata.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Takarda ta zo: tana kwance a gida. Ana tashi na hau babur na nufi gidan nata a Kalgo, da ledar lemo don kada a ce komai. Maƙwabciyarsu ce ta fito, ta ce ai Malama tun Juma'a da yamma ta tafi, yaran suna wurinta. Na tambaya ina, ta ce ita ba ta sani ba, ta dubi gefe.

Na kama ta. Na ɗauka zan ji daɗi, amma raina ne kawai ya ɓaci. Lemon na ba maƙwabciyar.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 2:15 na rana

Na kira ta ofis bayan tashi, na bar ƙofa a buɗe, na jera mata takardunta bakwai a kan tebur. Na gaya mata na je gidanta, na gaya mata na gan ta ranar Asabar. Ba ta musa ba, ba ta kuma zauna ba ko da na nuna mata kujera.

Na ce, "Malama, mi kika zuwa yi Gwandu?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabi. Can ta ce, "Yarinyar gidan Addata ce ba lahiya, Malam."

Nan raina ya tashi. Na ce ita yayar tata ba ta da hannu ne? Wa ke da dangin da babu marar lafiya cikinsu? Na ce 'ya'yanta uku na gan su jiya suna wasa lafiya lau, da ɗayansu ne da na fahimta, amma ba za a rufe aji shida don 'yar yaya ba. Na gaya mata maganar Arɗo, na gaya mata lissafin yara, na ce ta yi mini ƙarya har sau bakwai a rubuce. Murya tana yankewa ina ƙara ƙarfi.

Ta ce in yi haƙuri. Na jira ko za ta ƙara wani abu, har ta buɗe baki, sai ta rufe.

Na yanke mata: daga gobe zuwa 31 ga wata, in na ja layi sau ɗaya babu hannunta a sama, sunanta zai tafi. Kuma waya a jaka lokacin darasi, ita da kowa. Ta ce to, ta fita.

Hamidu yana bakin taga yana kakkaɓe dasta. Tun yaushe ya fara damuwa da dasta?

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

7:20.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Kwana uku a jere tana sa hannu bakwai da minti ashirin. Ashe ana iyawa. Wayarta na ta kuka cikin jaka a kan taga, ina jin gurnaninta daga baranda, ba ta ko waiwaya. Ana kaɗa ƙararrawa ta fice kusan da gudu ta nufi titi.

Wani ya taɓa littafin nan. Na bar shi a ƙarƙashin rajista, na same shi a sama. Ko kuma ni ne, ban sani ba. Daga yau a jakata zai riƙa kwana.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Ta sa hannu 7:35, da kayan da na gan ta da su ranar Juma'a. Daga mota ta sauko kai tsaye. Idanunta sun faɗa. Kafin layi ta zo.

Ban je Gwandu ba wannan makon, na zauna ina cika takardun ofis. Hajara ta kira tana tambayar takardar likita, wai ta gan ta lokacin wanki. Na ce layi ba kyau.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 12:20 na rana

Lokacin tara ta zo bakin ofis, ta ce ko zan bar ta ta tafi sha biyu, gobe ta dawo da azahar. Karo na farko ke nan da ta nemi wani abu da bakinta ba da takarda ba. Na ce saura kwana biyu, ta daure, ranar Juma'a ta tafi duk inda take so. Na ce ni ma ba lafiya gare ni ba, ga ni a tsaye.

Ta tsaya kamar ba ta ji ba, sannan ta ce to.

In na sassauta yanzu, duk abin da na gina ya rushe. Gwada ni take yi. Ko Hamidu ne ya tura ta don in sassauta ya kai ni gaba.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Alhamdulillahi. Yau kowa ya sa hannu, biyar cif, ni na shida. Tun da aka dawo hutu ba a taɓa yi ba. Zahra'u ta dawo, Lukuman ya yi ƙiba, kowane aji da malaminsa, makaranta ta yi tsit sai muryar karatu. Har yara bakwai na rugar yamma sun dawo.

Kuma Allah ya kawo Malam Mujtaba daidai yau. Ya zaga, ya tsaya a aji shida Malama tana raba lamba, ya jinjina kai. Wajen sha ɗaya wayar ta dame mu har shi da kansa ya ce ta ɗauka. Ta fita baranda, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta dawo, ta ɗauki alli ta ƙarasa lissafin daga inda ta tsaya. Mujtaba ya ce irin waɗannan malaman ake nema. Ta zauna har tashi, har ta tsaya ta share allo.

Yau na ci abinci da daɗi.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe

7:30, daga mota. Na aika wa ofis: babu suna. Na cece ta, ko ba ta gode ba. Wayar ba ta yi kuka ba yau ko sau ɗaya, wanda ya nuna mini dama can ba wani abin gaggawa ba ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba, Gwandu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru.

Da safe Hajara ta ce in kai ta unguwar gabas a babur, ɗiyar ƙawarta Jummai ta rasu ranar Laraba, ba ta sami zuwa sadakar uku ba. Sunan yarinyar Fatiha, shekara goma sha biyar, sikila ce. Ta shiga ciki, ni na zauna a tabarmar maza muka yi addu'a. A can ƙarshen tabarma, nesa da masu karɓar gaisuwa, na ga wani mutum da sandar ƙarfe a gefensa, kansa a ƙasa. Mijin Mairama ne. Na ce a raina, to, ashe yarinyar gidan yayar gaskiya ce, Allah ya ji ƙanta. Har na ji sauƙi cewa ba makarantar kuɗi ba ce.

Hajara ta fito fuskarta wata iri. Sai da muka wuce kasuwa ta ce in tsaya. Na tsaya a gindin wata tsamiya.

Ta ce a ciki Jummai ce ke zaune ana yi mata gaisuwa. Akwai wata a bakin murhu tana wanke kwanuka, tana kai wa baƙi ruwa, ba mai ce mata komai, ita ma ba ta kuka. Wata tsohuwa ce ta raɗa wa Hajara cewa waccan ita ta haifi yarinyar. Ɗiyar fari ce, ana yaye ta aka ba Jummai, Inna Mairo take kiran uwar tata. Sau biyu aka ɗebi jininta aka sa wa yarinyar cikin wata guda. Malamar makaranta ce a wajen Kalgo, in ji tsohuwar, mai gidan aikinsu ya hana ta zuwa.

Sai Hajara ta dube ni ta ce, "Malam, ranar Laraba tun asuba yarinyar nan taka tambaya ko Inna Mairo ta iso. Ƙarfe goma sha ɗaya ta cika. Koda tat taho da la'asar an riga an kai ta."



Ta ce, "Kai da ba ka iya hwaɗin sunan naka, mi kaka so ta ce maka?"

Na kasa tayar da babur ɗin. Sai da wani mai faci ya zo ya taimaka.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ta gaya mini. A ofis, ranar 22 ga Oktoba, ta gaya mini iyakar abin da bakinta zai iya ɗauka. Da baƙo ne daga wata ƙasa da sai a ce bai san al'ada ba. Ni a cikinta aka haife ni, a littafin nan ma na Sakkwato na rubuta. Tambaya ɗaya ta rage in yi, ko in yi shiru in dubi fuskarta, amma ina can ina ƙirga takardu.

Na koma na karanta abin da na rubuta ranar Laraba. Na so in yage shafin, na bar shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 8:30 na safe

7:20.

Na same ta ita kaɗai a aji kafin yara su shiga, tana rubuta kwanan wata a allo. Na yi sallama. Na ce na je unguwar gabas ranar Asabar, Allah ya ji ƙan yarinya, ya sa mai ceto ce. Da ƙyar maganar ta fito.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Amin, Malam. Allah shi ba da lada. Ina gaya ma Adda ka yi gaisuwa."

Na tsaya da sauran maganar a bakina, yara suka fara shigowa.

Litinin, bayan azahar

Saƙo daga Malam Mujtaba. Za a yi taron hedimastoci ranar Alhamis a Kalgo, yana so in tashi in bayyana yadda na magance fashin malamai cikin mako biyu, don saura su koya. Na mayar masa cewa ba ni da murya, likita ya hana ni magana. Karo na farko cikin shekara ashirin da tara da na fake da ciwo, kuma gaskiya ne.

Takardar Birnin Kebbi na ciro ta daga aljihu, wanki ya cinye rabin rubutun. Na Sakkwato ya ce zai zo ya kai ni ranar Laraba. Hamidu zai riƙe makaranta.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 2:10 na rana

Bayan tashi na kira ta ofis. Da yake muryar ta tafi gaba ɗaya, a takarda na rubuta na tura mata: ta ɗauki mako guda, ko biyu, ta tafi Gwandu, ni zan san abin da zan sa a rajista, ba wanda zai ji.

Ta karanta, ta ninke takardar biyu, ta ajiye mini a kan tebur a hankali kusa da jan biro.

Ta ce, "Na gode, Malam. Ai yanzu babu inda za ni."

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 7:40 na safe

Na biya makaranta in ba Hamidu makulli kafin mu wuce asibiti. Na buɗe rajista. Hannunta ne na farko, 7:20.